Yadda ake ɗanɗana ruwan kwakwa mai gaurayen 'ya'yan itace a gane na ƙwarai

Duk wanda ya shiga babban kanti a Kano, Kaduna, Abuja ko Yamai a 'yan shekarun nan zai ga an ware wani ɓangare na firji ga abubuwan sha da ake cewa na ƙarin lafiya ne. Ruwan kwakwa na cikinsu, a kwali ko a gwangwani, wani zalla, wani an gauraya shi da abarba, mangwaro, gwaiba ko kankana. Kowane kwali da hoton bakin teku a jikinsa, kowanne yana cewa shi ne na asali. Kuɗinsu kuwa ba kaɗan ba ne, don akasarinsu daga ƙetare ake shigo da su.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin ma yana da ƙa'ida, saboda harshe yana da saurin ruɗuwa. Sukari yana ruɗinsa, sanyi yana ruɗinsa, launi da sunan kamfani ma haka. Idan ka buɗe kwali uku ka kurɓa ɗaya bayan ɗaya, kusan kullum wanda ya fi zaƙi ne zai ci, kuma sau da yawa shi ne ya fi nisa da lafiyar da ka fita nema. Don haka dabarar duka ita ce a raba hukunci gida biyu: abin da harshe ya faɗa alhali bai san suna ba, da abin da rubutun bayan kwali ya faɗa. Sai an gama kowanne daban sannan a haɗa su.

Mataki na farko: samo ma'auni

Ba za ka iya cewa wannan ya yi kama da na asali ba idan ba ka san na asalin ba. Ruwan kwakwar da ake sha daga ɗanyar kwakwa yake fitowa, koriya, mai wata shida zuwa bakwai a kan bishiya, lokacin da naman cikinta bai yi tauri ba, cokali ma yana kankare shi. Kwakwar Attagara da muka saba gani a baro tare da dabino da aya ta riga ta ƙosa, ta kai wajen shekara guda. Ruwanta ya ragu, zaƙinsa ya ja baya, ya ɗan yi maiƙo-maiƙo. Madarar kwakwa kuma wani abu ne daban: naman ake gogawa a tatse, fara ce, mai kitse, ta girki ce.

Wanda ke Legas, musamman wajen Badagry, ko Kwatano, Lome da Accra, ya huta, domin a bakin titi mai adda zai sare masa ɗanya ya sha nan take. Wanda ke can arewa, idan bai samu ɗanya a kasuwar 'yan lemo ba, ya sayi kwali guda na ruwan kwakwa zalla wanda ba a sa masa komai ba. Shi ne zai zama ma'auninsa.

A sani kuma, zallan ma ba iri ɗaya ba ne. Indonusiya, Filifin da Indiya su ne kan gaba wajen noman kwakwa a duniya, amma na kwali da yawa daga Tailan, Biyetnam, Siri Lanka da Burazil suke zuwa. Tailan tana da wani iri mai suna Nam Hom, mai ƙamshi da zaƙi sosai. Siri Lanka tana da wata mai launin ruwan goro, wadda don shan ruwanta ake nomanta. Saboda haka idan kwali biyu na zalla suka bambanta a baki, ba lallai ne an yi wa ɗaya algus ba.

Mataki na biyu: sayayya

Kada ka wuce kala biyar ko shida a zama ɗaya. Harshe yana gajiya, daga na bakwai komai zai fara zama ɗaya. Tsarin da na fi so shi ne zalla guda ɗaya, sai ɗanɗano ɗaya daga kamfanoni biyu ko uku, misali mai abarba na kowannensu, sai wani ɗanɗano dabam guda ɗaya ko biyu. Kwatanta mai abarba na wannan kamfani da mai mangwaro na wancan ba zai gaya maka komai game da kamfanonin ba, sai dai ya nuna ko kai ɗan abarba ne ko ɗan mangwaro.

Kafin ka biya kuɗi, duba ranar lalacewa, duba lambar NAFDAC idan a Najeriya kake. Kwalin da ya kumbura, gwangwanin da ya lotsa a baki ko ya yi tsatsa, ka bar musu kayansu. Haka wanda aka jera a rana a gaban shago.

Mataki na uku: karatun bayan kwali

Nan ne aikin yake, kuma mutum ɗaya ne zai yi shi, wato mai shirya zaman. Sauran masu ɗanɗanawa kada su ga kwalin sam sai an gama.

Fara da jerin abubuwan da aka haɗa. Ƙa'ida ce a jera su daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci. Idan ruwa ne na farko, sukari na biyu, ruwan kwakwa ya zo na uku, to lemo ka saya wanda aka ɗiga wa kwakwa. Na kirki ruwan kwakwa ne a farko, sai ruwan 'ya'yan itacen da aka zana a gaba, wani lokaci da bitamin C don kada launi ya juya. Jerin da ya wuce layi uku ya kamata ya sa ka tsaya.

Sai ka duba daga ina ɗanɗanon 'ya'yan itacen ya fito. Wani an zuba masa markaɗaɗɗen mangwaro ko ruwan abarba na gaske, har a rubuta kashi nawa ne cikin ɗari. Wani ƙamshi kawai aka sa, babu ko ɗigon mangwaro. Wani kuma, kuma shi ne ya fi yaudara, an rubuta a gabansa cewa ba a ƙara sukari ba, amma an zuba masa kakkauran ruwan tuffa ko na inabi, wanda aikinsa ke nan ya kawo zaƙi a araha. A wurin jiki wannan sukari ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana lissafa sukarin ruwan 'ya'yan itace da na zuma a sahu ɗaya da wanda aka zuba da cokali.

Idan ka ga kalmar concentrate, ana nufin an ƙafar da ruwan kwakwar da zafi har ya yi kauri don sauƙin jigila, daga baya aka mayar masa da ruwa. Ba cutarwa ba ce, amma ƙamshin yana tafiya, kuma yakan bar ɗanɗanon dafaffen abu. A ganina wannan na cikin dalilan da ke sa a lulluɓe shi da abarba.

Yanzu lissafin sukari. Nemo inda aka rubuta giram nawa ne a kowace mililita 100. Ruwan kwakwa zalla yakan kasance tsakanin giram 3 zuwa 5. Lemon kwalba irin na kola yana da wajen giram 10 zuwa 11. Masu gauraye suna faɗawa tsakanin nan, wasu kusa da kwakwa, wasu sun kusa taɓa kola. Ninka adadin da yawan mililita ɗari-ɗari da ke cikin kwalin, sannan ka raba da 4, domin ƙaramin cokalin shayi na sukari wajen giram 4 ne. Misali, kwali mai mililita 500 da aka rubuta masa giram 8: giram 40 ke nan, cokali 10. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ita ce kada irin wannan sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, wato wajen giram 50 ga babban mutum, kuma ya fi kyau a tsaya a giram 25. Ka ga kwali guda ya kusa cinye rabon yini gaba ɗaya, ba a zo kan shayin safe ba tukuna. Yawan shan irin waɗannan ne ya sa Najeriya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka sa wa zaƙi, wanda ya fara aiki a 2022.

Kula da wata dabara: wasu suna rubuta adadin a kan "sha ɗaya", alhali kwalin sha biyu ne a lissafinsu. Kai dai mayar da kowanne kan mililita 100, sai su tsaya a layi ɗaya.

Rubuta sinadaran fotasiyam da sodiyam (wato sinadarin da ke cikin gishiri) ma idan an nuna. Kofi ɗaya na zalla, mililita 240, yakan ɗauki fotasiyam miligiram 400 zuwa 600, kwatankwacin ayaba guda ko sama da haka. Idan mai gauraye ya nuna ƙasa da rabin wannan, alama ce an tsinka kwakwar da ruwa. Sannan ka lura da masu zaƙin da ba sukari ba, irin su stevia, sucralose da aspartame, don za ka neme su a baki daga baya.

Mataki na huɗu: shirya zama

Tara mutum huɗu zuwa takwas. Tambayi kowa tun farko ko yana da ciwon sukari, ciwon ƙoda, ko wani abin da jikinsa ba ya karɓa. Ba a ba mutum abin da bai sani ba a kofi sai an tabbatar babu abin da zai cuce shi.

Kofuna su zama iri ɗaya, marasa warin sabulu. Idan ka samu waɗanda ba a ganin cikinsu ta gefe, ya fi, saboda ido yana riga harshe yanke hukunci: abin da ya yi rawaya sosai, mutum zai rantse ya fi jin mangwaro a ciki. Kada ka rubuta 1, 2, 3 a jikin kofi, mutane suna karkata ga na ɗaya. Sa wa kowanne lamba mai alƙaluma uku da ka ƙirƙira, kamar 472 ko 815, ka ɓoye takardar da ke nuna wane ne wane.

Girgiza kowane kwali, ka zuba kamar cokalin cin abinci uku a kofi. Ka fitar da su daga firji minti 15 zuwa 20 kafin a fara, kuma babu ƙanƙara. Sanyi mai yawa yana danne zaƙi, yana kuma ɓoye aibi. Abin da ba ya shayuwa sai ya yi sanyi ƙarara, akwai abin da yake ɓoyewa.

Lokacin da ya fi dacewa hantsi ne, ko bayan la'asar, ba da yunwa ba, ba kuma da ƙoshi ba. Kada a yi wannan gwaji a wurin buɗa-baki, don mai ƙishirwa komai ya sha zai yaba. Wanda ya ci goro ko yaji, ko ya sha shayi mai citta, ya jira kamar awa guda. Wanda ya goge baki da man goge haƙori ma haka, saboda sinadarin kumfar da ke ciki yana dushe zaƙi ya fito da ɗaci. A ɗaki kuma kada a kunna turaren wuta ranar. A ajiye wa kowa ruwan sha mara sanyi da busasshen biskit mara zaƙi ko gutsuren burodi.

Mataki na biyar: ɗanɗanawa

Kowa ya fara da ma'aunin, wato ɗanyar kwakwa ko zallan kwali, kuma wannan kaɗai za a gaya masa sunansa. Sauran a ba kowa da jeri daban, don kofin farko da na ƙarshe sukan samu alfarmar da ba su cancanta ba. Kowa ya rubuta nasa shiru. Idan babban yaya ya buɗe baki ya ce wannan ya yi, an gama, ƙanne ba za su saɓa masa ba.

A kowane kofi, fara da ido. Zalla yakan zama garai-garai ko da ɗan hazo. Idan ka ga ya yi ja-ja mai haske, kada ka tsorata: wasu sinadaran cikin ruwan ne ke juyawa idan sun haɗu da iska da haske, kuma an fi ganin haka a wanda ba a dafa da zafi mai yawa ba. Mai markaɗaɗɗen mangwaro na gaske yana da duhu, kuma yakan kwanta a ƙasa. Wanda ya yi launi mai ƙyalli amma kana hango gindin kofi, launi aka sa masa.

Sai hanci. Shinshina sau biyu a gajarce. Shin kana jin kwakwa a ƙarƙashin 'ya'yan itacen, ko ta ɓace? Ƙamshin mangwaro na gaske yana da laushi. Na haɗi yana dukan hanci kamar alewar yara. Ɗanyen ruwan kwakwa ma ba ya ƙamshin kwakwa mai ƙarfi, ƙamshinsa ɗan kaɗan ne, mai kama da ɗanyen tsiro. Idan kofi yana tashin ƙamshin man kwakwa na shafawa, ƙamshi aka ƙara.

Sannan ka kurɓa, ka riƙe a baki daƙiƙa biyar, ka juya shi, ka haɗiye. Nemi zaƙi, tsami, ɗan gishiri-gishirin da kwakwa ke da shi, da nauyinsa a harshe. Akasarin na kwali an ɗumama su zuwa digiri 135 ko sama da haka na 'yan daƙiƙoƙi don su daɗe ba firji, shi ya sa wasu ke da ɗanɗanon dafaffen abu, har da ɗan ƙauri. Na gwangwani kuma wani lokaci yakan zo da jin ƙarfe.

Abin da mutane suka fi tsallakewa shi ne jira bayan haɗiyewa. Ƙirga zuwa talatin. Na kirki yana wucewa ya bar baki wasai. Mai sukari da yawa yana barin danƙo a dasashi, ka ji kana neman ruwa, abin da aka saya don kashe ƙishirwa ya koma yana tayar da ita. Stevia tana barin ɗan ɗaci a can ƙarshen harshe, sucralose kuma zaƙinta yana naci ya ƙi tafiya.

Ga yadda nake ganin ɗanɗanon da aka fi samu. Abarba ita ce ta fi dacewa da kwakwa, amma tsaminta yana ɓoye sukari, sai ka sha giram da yawa ba ka ji ba. Mangwaro yana da ƙarfi, yana danne kwakwar gaba ɗaya idan an cika shi. Kankana ruwa-ruwa ce, ɗanɗanonta ba ya jure zafin sarrafawa, don haka masu sunanta sukan dogara da ƙamshin haɗi. Lemun tsami shi ne mafi gaskiya a cikinsu, domin ɗan kaɗan ya isa, kuma ba ya buƙatar a tara masa sukari kafin ya yi daɗi.

Kowa ya ba kowane kofi maki daga 1 zuwa 9, inda 1 ke nufin ba na so ko kaɗan, 5 ba yabo ba fallasa, 9 kuma ina so ƙwarai. Wannan ma'auni ne da masu binciken abinci ke amfani da shi tun wajajen shekarun 1950, daga ɗakin gwajin abincin sojojin Amurka ya samo asali. A ƙara tambaya ɗaya a ƙasa: za ka iya shanye kofi cike? Akwai abin da kurɓi ɗaya yake da daɗi, rabin kofi ya gundure ka. Tsakanin kofi da kofi a kurkure baki, a ci biskit, a huta minti guda.

Mataki na shida: gwajin kofi uku

Idan biyu sun yi kunnen doki, ko kana so ka san ko mai tsada ya cancanci kuɗinsa, zuba kofi uku, biyu daga kwali ɗaya, na ukun daga ɗayan, ka ce kowa ya nuna wanda ya fita daban. Mai cinke ma yana dacewa sau ɗaya cikin uku, don haka sai mutum 5 cikin 6, ko 8 cikin 12, sun gano kafin a ce akwai bambanci na gaske. Idan ba su gano ba, sayi mai araha hankali kwance.

Ina kuma ba da shawara ka saka haɗin gida a cikin jerin ba tare da ka faɗa ba: kashi uku na zallan ruwan kwakwa, kashi ɗaya na ruwan abarbar da ka matse da kanka, babu sukari. Ka sa shi a ƙarshe, saboda ɗanyar abarba tana da sinadarin da ke sa harshe ƙaiƙayi.

Mataki na bakwai: sauran abubuwan sha

Waɗannan a yi musu zama na daban, da tsari iri ɗaya. Kuma a sa namu na gida a cikinsu, don sun cancanci a auna su da ma'auni ɗaya da na kwali.

Zoɓo yana da hujja a bayansa. Wani bincike na Jami'ar Tufts da ke Amurka, wanda aka wallafa a 2010, ya ba mutum 65 masu hawan jinin da bai yi tsanani ba ko dai shayin zoɓo ko wani abin sha mai kama da shi, kofi uku a rana har mako shida. Masu shan zoɓon lambar sama ta awon jininsu ta sauka da wajen maki 7. Amma zoɓon da aka cika wa sukari da ƙamshin kwalba ya rasa rabin darajarsa. Dafa naka, ka raba uku: babu sukari, cokali ɗaya a kofi, cokali biyu, ka ga inda mutanenka za su tsaya. Garin 'ya'yan kuka yana da bitamin C mai yawa, kuma tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a kasuwanninta. Kunun aya kuwa a dama shi a ranar, domin cikin 'yan awoyi yake tsami idan babu sanyi.

Lemon alobera mai gutsi-gutsi a ciki yawanci sukari ne ke ɗauke da shi, duba lissafinsa da kyau. Kombuca shayi ne da aka tsima da sukari da ƙwayoyin halitta, kuma tsimin yana haifar da ɗan sinadarin barasa. A Amurka sai ya gaza kashi 0.5 cikin 100 ake sayar da shi a matsayin abin shan da ba giya ba, kuma idan ya zauna a wuri mai zafi tsimin yana iya ci gaba. Kada ka taɓa zuba wa baƙo shi a ɓoye. Ka faɗa masa, wanda ke da shakka ya tambayi malamin da ya amince da shi. Lemon ƙara kuzari kuma ba ya cikin sahun na lafiya ko da an jera su a firji ɗaya: ƙaramin gwangwani mai mililita 250 yakan ɗauki miligiram 80 na kafeyin, sinadarin nan mai hana barci, ga sukari a kai.

Mataki na takwas: buɗe sunaye

Tattara takardu, haɗa makin kowane kofi ka raba da yawan mutane. Sannan ka fito da kwalayen da lissafinka na mataki na uku. Kusa da kowane maki rubuta cokulan sukarin da ke cikin kwalin, matsayin ruwan kwakwa a jerin haɗi, da kuɗin kowace mililita 100. Wanda nake zaɓa shi ne wanda ya samu 6 ko sama da haka a baki alhali sukarinsa ya fi kusa da na zalla. Mai maki 8 da cokali 10 a bar shi ga ranar walima.

Waɗanda za su yi hattara

Mai ciwon ƙoda kada ya sha ruwan kwakwa sai da izinin likita. Ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da fotasiyam, idan ya taru a jini yana hargitsa bugun zuciya. Masu shan wasu magungunan hawan jini, irin su lisinopril, losartan da spironolactone, su ma su tambaya kafin su mayar da shi abin sha na kullum. Mai ciwon sukari ya lissafa ko da zallan ne.

Yaron da ke gudawa ruwan gishiri da sukari na asibiti yake buƙata, tare da maganin zinc. Ruwan kwakwa sodiyam ɗinsa bai kai ba, mai gauraye kuma yawan sukarinsa yana iya ƙara gudawar. Haka mai aikin ƙarfi a zafin Maris da Afrilu: bayan ruwa, abin da gumi ya fi kwashewa gishiri ne, ruwan kwakwa shi kaɗai ba zai mayar da shi ba sai an haɗa da abinci.

Ragowar kwalayen da aka buɗe a sa su a firji a shanye cikin kwana ɗaya zuwa biyu, inda wuta ba ta tsayawa kuwa a shanye a ranar. Ɗanyar kwakwar da aka fere ta zama fara, ita ma firji take so. A Denmak an samu wani dattijo ɗan shekara 69 da ya rasu bayan ya kurɓi ruwan irin wannan kwakwa da ta yi wajen wata guda a kan teburin kicin, kuma rahoton da likitoci suka fitar a 2021 ya nuna gubar wani naman gwari ce da ya tsiro a ciki. Duk ruwan kwakwar da ya yi wari, ya yi yauƙi, ko ya yi tsamin da ba na 'ya'yan itace ba, a tofar a zubar, ko nawa aka saye shi.